Sharhi: Idan baƙuwar cuta ta ɓulla a Bengou, wa zai fara ganin fuskarta?

A farkon watan Janairun 2017 ma'aikatan asibitin mata da ƙananan yara na garin Diffa suka lura cewa mata masu juna biyu na ta zuwa musu da zazzaɓi da amai, idanunsu sun yi ɗorawa. Zazzaɓin shawara aka fara zargi, domin shi ne abin da alamomin suka fi kama da shi. Sai a ranar 12 ga Afrilu ma'aikatar lafiya ta Nijar ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, cewa ciwon hanta nau'in E ne. Wata uku ke nan tsakanin ganin alamar farko da sanin sunan cutar, kuma kusan duk waɗanda suka rasu a watannin farko mata ne masu ciki.

'Yan watanni kafin nan an ga makamancin haka a jihar Tawa. Tun farkon watan Agustan 2016 mutane ke mutuwa a yankin Cintabaraden, dabbobi na ɓari suna faɗuwa, amma sai a tsakiyar Satumba Cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar da cewa zazzaɓin Rift Valley ne. Kafin a shawo kansa ya kashe mutum fiye da 30.

Duka cututtukan biyu sanannu ne a duniya, akwai gwajinsu a ajiye. Abin da ya ci lokaci shi ne gano wane gwaji ya kamata a yi, da kuma kai samfuri inda za a yi shi. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: yaya za a yi idan abin da ya ɓulla ba ya cikin jerin cututtukan da ake da gwajinsu, kuma ya ɓulla ne a wuri irin Bengou?

Bengou ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gaya, jihar Dosso, a kusurwar da Nijar ta haɗu da Najeriya da Jamhuriyar Benin. Kamba ta jihar Kebbi na gefe guda, Malanville na ƙetaren kogi daga Gaya. Dendawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani na yankin suna auratayya da cin kasuwa da kiwo ba tare da la'akari da layin da aka ja a taswira ba. Yamai, inda cibiyar binciken lafiya ta CERMES take, na da nisan kimanin kilomita 300 daga Gaya. Duk mai nazarin yadda annoba ke ƙetara iyaka zai sa ido a irin wannan wuri.

Gwajin da ke amsa tambaya ɗaya

Tun bayan annobar korona kusan kowa ya san sunan gwajin PCR. Gwaji ne mai ƙarfi ƙwarai, yana iya gano ƙwayoyin bairas 'yan ƙalilan a cikin ɗigon jini ko majina. Sai dai yana da sharaɗi: dole mai gwajin ya faɗa masa abin da zai nema. Ana haɗa sinadaran kowane gwaji ne daidai da wani yanki na ƙwayar halittar bairas guda da aka riga aka sani. Idan aka tambaye shi ko shawara ce, zai ce e ko a'a. Idan ya ce a'a, ba zai ƙara da cewa ga ciwon hanta nan a gefe ba. Haka ma ɗan gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake yi da ɗigon jini a asibitocin karkara.

Madubin ilektiron ba ya aiki haka. Shi kallo yake yi, duk abin da ke cikin samfurin kuwa, matuƙar yana da yawa, zai bayyana, ko an neme shi ko ba a neme shi ba.

Dalilin da ya sa madubin likita na yau da kullum, wanda ake duba ƙwayar maleriya ko ta tarin fuka da shi, ba ya ganin bairas shi ne haske kansa yana da iyaka. Duk abin da bai kai nanomita 200 ba, haske ba ya iya fayyace shi. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, kaurin silin gashin mutum kuwa ya kai dubban gomman nanomita. Bairas ɗin shan inna bai wuce nanomita 30 ba. Yawancin sauran suna tsakanin 20 da 300.

A shekarar 1931 wasu Jamusawa biyu, Ernst Ruska da Max Knoll, suka ƙera madubin da ke amfani da kwararar ilektiron a madadin haske, da maganaɗisu a madadin gilashi. A 1939 aka fitar da hoton bairas ɗin da ke lalata ganyen taba, kuma cikin masu aikin akwai ƙanen Ruska, wani likita mai suna Helmut. A ƙarshen shekarun 1940 aka fara amfani da shi wajen bambance agana da ƙarambau, cututtuka biyu da ƙurajensu kan rikita likita amma siffar ƙwayoyinsu ta sha bamban. Ruska bai samu kyautar Nobel ba sai a 1986, shekaru 55 bayan aikin.

Dabarar da ta mayar da na'urar kayan aikin asibiti ta zo ne a 1959, daga Sydney Brenner da Robert Horne a Ingila. Ana ɗiga samfuri a kan wata 'yar rariyar tagulla da ba ta wuce milimita uku ba, a bi shi da ruwan gishirin wani ƙarfe mai nauyi. Gishirin yakan kewaye ƙwayar ya yi duhu, ita kuma ta fito fes kamar farin dutse a kan baƙar ƙasa. Shirya samfurin bai fi minti 15 ba. Gwanin da ya saba yana iya kallo ya faɗi dangin bairas ɗin nan take: dangin agana da ƙyandar biri kamar tubali suke, rota mai sa yara gudawa kamar ƙafar keke, korona da ƙayoyi kewaye da ita kamar kambin sarauta, Ebola kamar zare mai lanƙwasa.

Daga Lassa zuwa Jos zuwa Amurka

Babu buƙatar zuwa nesa neman misali, domin ɗaya daga cikin manyan labaran wannan fanni daga arewacin Najeriya ya faro. A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, a jihar Borno ta yanzu. An kai ta Jos a jirgin sama, ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta a Jos, ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka ɗauke ta zuwa New York, ta rayu.

Samfuran jininsu sun isa sashen binciken bairas na Jami'ar Yale. An gwada su da ɗimbin ƙwayoyin da aka sani a lokacin, ba su dace da ko ɗaya ba. Shugaban aikin, Jordi Casals, ya kamu a ɗakin gwaji, da ƙyar ya sha bayan an ƙara masa ruwan jinin Pinneo. Wani ma'aikacin ɗakin gwajin ya mutu. Da aka sa ƙwayar a ƙarƙashin madubin ilektiron sai aka ga dunƙule mai ɗauke da 'yan tsaba-tsaba a ciki kamar an watsa yashi. Wannan siffa ta taimaka wajen haɗa ta da wasu ƙwayoyi na Kudancin Amurka a dangi guda, wanda aka raɗa wa suna daga kalmar Latin mai nufin yashi. Da yake an san 'yan'uwanta ɓeraye ne ke ɗauke da su, sai aka san inda za a nufa da bincike. A 1972, a Saliyo, aka kama ɓeran da ke ɗauke da ita.

Abin lura a nan shi ne hoton bai warkar da kowa ba, kuma a 1970 cutar ta sake dawowa Jos ta kashe Dakta Jeanette Troup, likitar da ta fara bin diddiginta. Abin da hoton ya yi shi ne taƙaita nema. Maimakon a yi ta lalube cikin ɗaruruwan ƙwayoyi, an koma dangi guda.

Haka aka yi ta gani a wasu wuraren. A 1967 masana a Hamburg suka ga ƙwayar Marburg da wannan madubi. A 1976, da wata cuta ta kashe mutum 280 cikin 318 da suka kamu a yankin Yambuku na Zaire, masana a Antwerp ta Beljiyam da Frederick Murphy na hukumar CDC ta Amurka suka ga dogon zaren da daga baya aka kira Ebola. A 1973 Ruth Bishop da abokan aikinta a Ostireliya suka ga rota a hanjin yara masu gudawa. A 2003 madubin ne ya nuna cewa cutar SARS daga dangin korona take, a lokacin da hankalin masana da yawa ya karkata ga wasu ƙwayoyi daban.

Shi kansa ciwon hanta nau'in E da ya addabi Diffa ta wannan hanya aka gano shi, kuma labarin ba mai daɗin ji ba ne. Wani masani ɗan Tarayyar Sobiyet, Mikhail Balayan, ya sha ruwan da aka tace daga bayan gidan sojojinsu da ke fama da ciwon a Afghanistan. Bayan 'yan makonni ya kwanta, ya duba nasa bayan gidan da madubin ilektiron, ya ga ƙwayar. An wallafa sakamakon a 1983.

Abin da madubin ba ya gani

Duk da wannan tarihi, yawancin asibitocin ƙasashe masu arziki sun daina amfani da madubin wajen gwajin yau da kullum tun daga shekarun 1990, kuma suna da hujja. Kafin a ga bairas ta wannan hanya ana buƙatar ƙwayoyi daga dubu ɗari zuwa miliyan a cikin mililita ɗaya. Ruwan ƙurji da bayan gida kan kai wannan adadi, jini kuwa sau da yawa ba ya kaiwa, sai an fara renon ƙwayar a ɗakin gwaji mai tsaro. Don haka rashin ganin komai ba ya nufin babu komai.

Na biyu, madubin dangi yake faɗa, ba ya faɗin suna. Agana da ƙyandar biri kamarsu ɗaya a hoto. A 1976 ma waɗanda suka fara ganin Ebola sun ɗauka Marburg ce, sai gwajin jini ya nuna sabuwa ce.

Akwai misali na uku da manoman Bengou za su fi kowa ganewa. Cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, tana da tasha a Bengou, inda aka daɗe ana gwajin irin gyaɗa, wadda a can ake kira gujiya, tare da cibiyar ICRISAT. Babbar cutar bairas da ke addabar gyaɗa a Afirka ita ce kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa. A 1975 ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya, asarar da aka ƙiyasta da dala miliyan 250. Da ita da farin farkon shekarun 1970 suna cikin abubuwan da suka kai dalar gyaɗar Kano ƙasa.

Idan aka sa ruwan ganyen da ya kuturce a ƙarƙashin madubi, abin da za a iya gani 'yan dunƙulen ƙwayoyi ne na wani bairas wanda shi kaɗai ba ya yi wa shukar wani lahani a zo a gani. Bairas na biyu ba shi da kwanson kansa, don haka ba shi da siffar da za a ɗauki hotonta. Na ukun, wanda shi ne ke haddasa kuturtar, wani ɗan guntun ƙwayar halitta ne kawai. Biyun nan aron rigar na farkon suke yi, darɓa ta kwashe su zuwa gona ta gaba. An shafe shekaru da dama kafin a warware wannan ƙulli, kuma da gwaje-gwajen ƙwayar halitta aka warware shi. Wanda ya dogara da hoto kaɗai, da ɗan rakiya zai kama ya bar mai laifi.

Sannan ba kowace baƙuwar cuta ba ce bairas. A 2010 ɗaruruwan yara suka mutu a ƙauyukan Zamfara, aka yi ta zargin maleriya da sanƙarau, ashe gubar dalma ce daga haƙar zinare. Babu madubin da zai ga wannan.

A yau babban abokin gogayyar madubin shi ne na'urar karanta ƙwayar halitta baki ɗaya, wadda ita ma ba ta buƙatar a faɗa mata abin da za ta nema. Tana karanta duk abin da ke cikin samfuri, kwamfuta ta kwatanta da abin da aka sani. Yankin Afirka ta Yamma ya yi nisa a nan fiye da yadda ake zato. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tana cikin waɗanda suka tabbatar da Ebola a Legas a 2014, kuma tare da abokan aikinta ita ta fara fitar da cikakken tsarin ƙwayar korona daga Afirka a watan Maris na 2020. Wasu daga cikin waɗannan na'urori ba su fi wayar hannu girma ba. Duk da haka, rahoton farko da masanan China suka fitar kan sabuwar korona a Janairun 2020 ya haɗa biyun ne, tsarin ƙwayar halitta da hoton madubi. Na'urar karatu kan nuna cewa akwai rubutun bairas a samfuri, hoton kuma ya nuna cikakkiyar ƙwayar tana nan tana hayayyafa a cikin tantanin jiki.

Shin a sayo wa Gaya madubi?

Amsar a taƙaice a'a ce, kuma ba don raina yankin ba. Farashin irin wannan na'ura yana farawa ne daga ɗaruruwan dubban daloli zuwa miliyoyi. Tana son ɗaki mai sanyi marar girgiza, ruwan sanyaya ta, injin da ke zuƙe iska daga cikinta dare da rana, injiniyan kamfani da zai riƙa zuwa duba ta, da wutar lantarki da ba ta ƙiftawa. Batun wuta kaɗai ya isa. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma a farkon Agustan shekarar aka yanke shi a matsayin takunkumi, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Asibitocin Najeriya da Nijar cike suke da na'urori masu tsada da aka buɗe da kiɗa da jawabai, suka koma wurin kwanan gizo-gizo saboda rashin wani ɗan ƙarfe ko rashin mai sarrafawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya fi na'urar wuyar samu ma shi ne idon da zai duba. Gane bairas a cikin tarkacen samfuri gwaninta ce ta shekaru, kuma ko a Turai masu ita raguwa suke yi. Shi ya sa Cibiyar Robert Koch ta Berlin ke aika wa ɗakunan gwaji na ƙasashe daban-daban samfuran da ba a faɗi abin da ke ciki ba, don a gwada ko idanunsu na nan da kaifi.

Abin da Bengou ke buƙata ya fi wannan araha, sai dai ya fi shi wuyar tsarawa. A ɗauka wani manomi ya dawo daga kasuwar Malanville da zazzaɓi. A asibitin karkara za a yi masa gwajin maleriya, kuma da damina akwai yiwuwar ya nuna akwai, domin mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar ko da wani abu ne daban ke damunsu. Za a ba shi magani. Idan bai ji sauƙi ba a ce taifot ne. Idan ya rasu, za a yi masa sutura kafin rana ta faɗi, 'yan'uwa daga Kamba da ƙetaren kogi su zo gaisuwa su koma. Idan matar da ta yi jinyarsa ta kwanta bayan mako biyu, a lokacin ne wataƙila wani zai yi tunani. Duk wani madubi da ke Berlin ko Atlanta, duk wata na'urar karatu da ke Ede ko Dakar, ba su da amfani idan a wannan mataki ba a samu ma'aikacin da ya ɗebi jini cikin kariya ba, da kwalbar da ta dace, da akwatin sanyi, da kuɗin man babur zuwa Gaya, da motar da za ta wuce Dosso ta kai Yamai.

A wannan gaɓa madubin na da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Samfurin da za a duba da shi ana iya kashe ƙwayar da ke ciki da sinadarin fomalin ko makamancinsa, siffar ta ci gaba da kasancewa. Hakan na rage haɗarin ɗaukarsa da dogaro da ƙanƙara. Ɗan ruwan ƙurji a cikin ƙaramar kwalba zai iya tafiya mai nisa. Abin da ake buƙata shi ne a san tun kafin ranar tashin hankali wane ɗakin gwaji ne zai karɓa, wa zai biya kuɗin jirgi, wa zai sa hannu a takardar fitarwa.

Gada a rufe, kwale-kwale na aiki

A nan ne siyasa ta shigo. Bayan juyin mulkin 2023 ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki da Nijar. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya da Nijar ta buɗe a watan Maris, Benin ma ta buɗe ɓangarenta. Hukumomin Yamai kuwa suka bar gadar Gaya zuwa Malanville a rufe bisa dalilan tsaro, ta shafe fiye da shekaru biyu a haka. Mutane ba su daina ƙetarawa ba, sun koma kwale-kwale ne, da kayansu da dabbobinsu da marasa lafiyarsu. Ta fuskar lafiya wannan ya fi buɗaɗɗiyar gada haɗari. A kan gada akwai wuri guda da jami'in lafiya zai tsaya ya duba, a bakin kogi mashigai ba su ƙirguwa.

A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar na da hukumar lafiya ta yankin, tana kuma da cibiyar sa ido kan cututtuka a Abuja, waɗanda ta hanyarsu ƙasashe ke musayar bayanai. A cikin watan ne kuma gwamnatin Amurka ta sanar da ficewa daga WHO ta kuma fara rushe hukumar USAID, wadda kuɗinta ke cikin abin da ke ɗaukar nauyin sa ido kan cututtuka da jigilar samfura a ƙasashen Afirka da dama. Wato hanyar da samfuri ke bi tana ƙara tsukewa daga ɓangarori da yawa a lokaci guda.

Abin da ke ƙetaren iyakar kuwa sananne ne. Alƙaluman hukumar NCDC sun nuna mutum 1,309 aka tabbatar sun kamu da zazzaɓin Lassa a Najeriya a 2024, 214 suka mutu. A Benin, a ƙarshen 2014, ma'aikatan lafiya sun mutu a wani asibiti a Tanguiéta da ke arewacin ƙasar. Da yake lokacin ana tsakiyar annobar Ebola, ita aka fara gwadawa, aka ga babu, daga baya aka tabbatar Lassa ce. A 2016 cutar ta sake ɓulla a jihar Borgou, ta kashe mutum 28 a faɗin ƙasar. Irin ɓeran da ke ɗauke da ita yana ko'ina a yankin, har cikin gidajen Yamai, ko da yake ba kowane ɓera ke ɗauke da ƙwayar ba. Ƙyandar biri ma ta dawo Najeriya a Satumban 2017 ta jihar Bayelsa bayan kusan shekaru 40 ba a ji ɗuriyarta ba, kuma a Dakar aka tabbatar da samfuran farko.

Kano ta ɗanɗana abin da rashin samfuri ke jawowa. A watan Afrilun 2020 maƙabartu suka cika, aka yi ta jayayya kan musabbabin mace-macen. Da ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya yi bayani a watan Yuni, ya ce mutum 979 ne suka rasu kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona. Wannan ƙiyasi daga hira da iyalan mamata aka samo shi, domin yawancinsu an binne su ba tare da an ɗebi komai ba. Idan birni irin Kano mai babban asibitin koyarwa ya tsinci kansa a haka, ba sai an faɗi halin ƙauyen da ke bakin iyaka ba.

Akwai ma'aunin da ofishin WHO na Afirka ya runguma, wanda ake kira 7-1-7: a gano ɓullar cuta cikin kwana bakwai, a sanar da hukuma cikin kwana ɗaya, a fara ɗaukar mataki cikin kwana bakwai. Diffa ta ɗauki wata uku, Cintabaraden kimanin mako shida. Nijar ta ƙara ƙarfin gwaji tun bayan korona, musamman a CERMES, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai ƙarfin ya fi yawa a ɓangaren cututtukan da aka riga aka sani.

Ficewa daga ECOWAS bai fitar da Nijar daga Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005 ba. Ita da Najeriya da Benin duk suna ƙarƙashinsu, kuma dokokin sun wajabta sanar da WHO cikin sa'o'i 24 bayan tantance duk wani lamari da ka iya zama barazana ga maƙwabta. Ba su hana ƙasashe ƙulla yarjejeniya tsakaninsu kan wuraren ƙetara iyaka ba, hasali ma sun ƙarfafa hakan. Babban likitan gundumar Gaya da takwarorinsa na Malanville da ƙaramar hukumar Dandi ba sa buƙatar a sasanta Yamai da Kwatano kafin a ba su izinin kiran juna a waya duk mako. Haka kuma ƙawancen AES, da ke yawan maganar dogaro da kai, zai iya zaɓar ɗakin gwaji guda a Yamai ko Bamako ko Bobo-Dioulasso ya ɗora masa alhakin samfuran da duk gwaje-gwaje suka ce babu komai a cikinsu alhali mai su ya mutu, da na'urar karanta ƙwayar halitta a hannunsa da rubutacciyar yarjejeniya da wata cibiya mai madubin ilektiron a waje.

Lokacin Lassa a Najeriya da Benin yakan fara ne daga Nuwamba ko Disamba ya kai Afrilu, daidai lokacin da aka gama girbi, rumbuna suka cika, ɓeraye suka koma gidaje, matasan Gaya da Bengou kuma suka kama hanyar cin rani zuwa kudu.